Babi na Bakwai: Bayan Tanderu Ya Huce

Duk wanda ya taɓa shiga trotro, wato motar haya, a birnin Accra daga Nima ya bi ta Circle ya nufi Kaneshie ya ga irin ginin da nake nufi. Dogon bango mara fenti, tagogi can sama dab da rufi, ƙofar ƙarfe mai faɗin da babbar mota za ta shige, da kwaɗon da tsatsa ta cinye. Tambayar fasinja ba ta canzawa: wannan ƙaton gini da ke zaune ba aikin fari ba na baƙi, me ya hana a rushe shi a yi wa mutane ɗakuna? Tambaya ce ta mai hankali, musamman idan ta fito daga bakin wanda ya baro gidan haya inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya. A wannan babi zan amsa ta da gini iri guda, wato babban gidan burodi da danginsa, kamfanin biskit da rumbun hatsi, domin burodi abu ne da kowa ya sani a Zango, tun daga teburin mai shayi.

Burodin da Zango ke ci

Ba don masana'anta aka kafa zangon Nima ba. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu, jama'a suka fara zama kewaye da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin da aka sallama da baƙi daga arewacin Ghana, da Najeriya, da Nijar, da Mali suka yi ta kwararowa, Maamobi ta bunƙasa a gefenta. Ba wanda ya shata tituna ko magudanan ruwa kafin a fara gini. Neman abinci kuwa a waje yake: gadi da girki a gidajen Turawa na Cantonments, dako a kasuwa, tuƙi, leburanci. Manyan masana'antu an jera su ne a yamma da Circle, sai kuma Tema, wadda aka buɗe tasharta ta jiragen ruwa a 1962.

Shi ya sa burodin Zango ya tashi a bayan gida. Mai burodi, wadda a Ghana galibi mace ce, takan auna fulawa da sukari da gishiri da yis da bota da ɗan garin gyaɗar ƙamshi, a ɗora a kai ko a mota zuwa wurin mai inji. Shi zai kwaɓa, ya murza kwaɓin tsakanin ƙarafa biyu har ya yi santsi, a mayar da shi gida cikin babban baho an lulluɓe da buhu. Nan 'yan aiki za su yanka, su ɗora a sikeli, su mulmula, su jera a gwangwanayen da aka shafe da mai. A can gefe an cika tanderun laka da itace yana ci. Idan wuta ta faɗi sai a kwashe garwashi, a share toka, uwar gida ta kara bayan hannunta a bakin tanderu ta ji ko zafin ya yi daidai, sannan a zura gwangwanaye da dogon katako a toshe ƙofa. Kafin a kira assalatu ƙamshin ya cika lungu, masu talla sun fara jera burodin sukari da burodin shayi a faranti.

Sai dai ko ƙwaya ɗaya ta alkamar da ake yin wannan fulawa da ita ba a kusa aka nome ta ba. Jirgin ruwa ke kawo ta daga ƙasashe irin su Kanada da Rasha, a niƙa ta a Tema da Takoradi, inda kamfanoni irin su Irani Brothers da Takoradi Flour Mill suka daɗe suna wannan aiki. Don haka duk abin da ya taɓa jirgi ko ya taɓa darajar sidi, kuɗin Ghana, ya taɓa burodi. An gani a 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya haɗu da faɗuwar sidi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, burodi ya ƙanƙance a hannun mai saye. A irin wannan hali mai tanderun laka tana iya rage buhu, ko ta huta kwana biyu ta dawo. Babban kamfani mai bashin banki da albashin ma'aikata da kuɗin wuta ba shi da wannan sauƙi. Idan ya tsaya, sau da yawa ya tsaya ke nan, sai a bar gini.

Abin da aka zuba a cikin bangon

Kafin a kira mai rusau, ya kamata a san abin da za a rusa. Gidan burodi na masana'anta ba kamar gidan kwana aka gina shi ba. Daɓensa an zuba shi ne don ya ɗauki tanderun ƙarfe da injuna masu girgiza dare da rana, da buhunan fulawa da aka tula har sama. Rufinsa yana da tsawo don zafi ya sami hanyar fita. Ginshiƙansa suna nesa da juna don amalanke da ma'aikata su wuce ba tare da karo ba. An ja masa ruwa da wuta mai ƙarfi, an kuma ajiye shi a bakin babbar hanya ko layin dogo, tunda burodin da ya makara a hanya asara ne.

Duk wanda ya taɓa gini a Accra ya san abin da ke cin kuɗi: tushe, rodi, siminti, kankare. Waɗannan su ne tsohon gidan burodi ya riga ya biya, kuma da farashin zamanin da. Simintin ma da ake niƙawa a Tema da Takoradi, yawancin dutsen da ake haɗa shi da shi daga waje ake shigo da shi. A duniya kuwa sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama yanayi. Rushe gini mai lafiya kamar fasa randa ce don kawai an daina zuba mata ruwa, alhali gero zai zauna a cikinta lafiya lau.

Gidan da aka fara gasa Oreo

Misalin da ya fi shahara yana birnin New York na Amurka. A 1898 wasu kamfanonin biskit suka haɗe suka zama National Biscuit Company, wanda duniya ta fi sani da Nabisco. Babbar masana'antarsa jerin benaye ne na jan bulo a unguwar Chelsea, kusa da mayankar birnin. A nan aka fara yin biskit ɗin Oreo a 1912, wannan dai da yara ke saye a kantunan Nima yau. Tsarin aikin zamanin daga sama yake gangarowa: a hau da fulawa da sukari hawa na ƙoli, kaya su riƙa saukowa daga kwaɓi zuwa gashi zuwa ƙunshewa. A 1934 aka buɗe layin dogo na sama wanda ya ratsa ta cikin ginin kansa, jirgi ya shigo da kayan haɗi ya fita da kwalaye.

Abin da ya kashe wurin ba rashin ciniki ba ne. Tanderu ne ya canza. Sabbin tanderu dogaye ne miƙaƙƙu, biskit ya shiga ta wannan baki a kan bel ɗanye ya fita ta wancan gasasshe, kuma suna buƙatar shimfiɗaɗɗen fili hawa ɗaya. Manyan motoci kuma suka ƙwace aikin jirgin ƙasa. A 1958 kamfanin ya kwashe ya koma Fair Lawn a jihar New Jersey. Tsohon ginin ya yi shekaru da dama yana lalacewa a hannun ƙananan 'yan haya.

A shekarun 1990 wani ɗan kasuwa mai suna Irwin Cohen ya ga abin da wasu ba su gani ba. Bai rushe ba, bai kuma lulluɓe bangon da fenti don ya ɓoye tsufansa ba. Ya fasa doguwar hanya ta cikin hawan ƙasa daga wannan titi zuwa wancan, ya bar bulo da bututun ƙarfe a fili, ya zuba masu sayar da kifi da nama da kayan lambu, har da masu gasa burodi a bayan gilashi, mai wucewa yana kallon hannunsu cikin kwaɓi. Benayen sama ya ba ofisoshi da gidajen talabijin haya. A 1997 aka buɗe shi da sunan Chelsea Market. Layin dogon nan da jirgi ya daina bi tun 1980 shi ma aka mai da shi lambun shaƙatawa a 2009. A 2018 kamfanin Google ya sayi ginin a kan dala biliyan 2.4. Sabuwar masana'antar Fair Lawn kuwa, wadda dominta aka yi watsi da tsohuwar, an rufe ta a 2021, daga baya aka rushe ta.

Labari ne mai daɗin ji, kuma yana amsa rabin tambayar fasinjanmu: tsohon gini dukiya ce. Amma ya bar rabi. Chelsea ta zama ɗaya daga cikin unguwannin da haya ta fi tsada a birnin, irin mutanen da suka yi gumi a gaban tanderun Nabisco ba za su iya kama ɗaki a can ba yau.

Wa ya ci ribar gyaran?

Wannan rabin da ya rage ya fi fitowa fili a Cape Town ta Afirka ta Kudu, kuma shi ne ya fi kama da halinmu. Woodstock tsohuwar unguwar ma'aikata ce dab da tsakiyar birni, mai Musulmi da yawa da masallatai tsofaffi. A zamanin wariyar launin fata, lokacin da aka ayyana District Six a matsayin ta farar fata a 1966 aka kwashe mutum sama da 60,000, Woodstock ta tsira, jama'arta suka ci gaba da zama a cakuɗe. A kan titin Albert akwai tsohon kamfanin biskit na Pyott. Aka gyara shi aka kira shi Old Biscuit Mill, a 2006 aka fara cin kasuwar Asabar a harabarsa, da gidajen abinci na masu hannu da shuni da shagunan kayan ado. 'Yan yawon buɗe ido suka yi dafifi, kuɗin fili a kewaye ya yi tashin gwauron zabi.

Taku kaɗan daga wurin akwai titin Bromwell, inda wasu iyalai suka yi zaman haya tun kakanni. A 2013 aka sayar da gidajen ga masu gina sabbin benaye, a 2016 kotu ta ba da umarnin su tashi. Wurin da hukumar birni ta nuna musu yana can bayan gari, nesa da makarantun 'ya'yansu da wuraren aikinsu. Suka ƙi, suka yi ta shari'a har Kotun Tsarin Mulki, wadda ta ba su gaskiya a watan Disamba na 2024. Shekaru takwas ke nan na zullumi ga talakawan da ba su yi laifin komai ba sai zama kusa da ginin da ya yi farin jini.

Ni a ganina nan ne ma'aunin yake. Idan an ce an ceto tsohon gini, a tambaya: maƙwabcinsa yana iya shiga? Yana samun aiki a ciki? Bayan shekara goma yana nan a unguwar, ko haya ta kore shi? Gyaran da ya ƙawata bango ya watse jama'a ban ga abin yabo a cikinsa ba.

Ramin Nkrumah

Misalin da ya fi kwanta mini a rai yana cikin Ghana, a Tamale. Kwame Nkrumah ya so ƙasar ta riƙa adana amfanin gonarta da kanta, don haka a shekarun 1960 aka fara gina manyan rumbuna na kankare a wurare daban-daban, ciki har da na koko a Tema da na hatsi a arewa. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da gwamnatinsa yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Ayyukan suka tsaya cak. Na Tamale ya zauna fiye da shekara hamsin bai taɓa ganin hatsin da aka gina shi dominsa ba. Ruwa ya taru a ƙasansa, jemagu suka mai da shi gida, mutanen gari suka raɗa masa Nkrumah Volini da Dagbanci, wato ramin Nkrumah.

Wanda ya farfaɗo da shi ɗan garin ne, Ibrahim Mahama, mai fasahar zane da aka haifa a Tamale a 1987, ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Sunansa ya fito ne ta hanyar tsofaffin buhunan algarara, waɗanda suka ɗauki koko sannan suka koma ɗaukar gawayi da masara. Yakan tara su, a ɗinke su wuri guda, ya lulluɓe manyan gine-gine da su, kamar yadda ya yi a baje kolin Venice ta Italiya a 2015. Kuɗin da ya samu a kasuwannin Turai sai ya juyo da su gida. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, a 2020 ya buɗe Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama ya mai da cikinsu azuzuwan yara. Sannan ya sayi rumbun, aka kwashe laka da sharar shekaru, aka buɗe shi ga jama'a a 2021.

Abu biyu suka burge ni a aikin. Na farko, bai kori jemagun ba, ya ɗauke su a matsayin waɗanda suka riga shi zama. Na biyu, waɗanda ake gani suna shiga wuraren nan nasa 'yan makaranta ne na Tamale da ƙauyukan kewaye, yaran da wataƙila ba su taɓa taka gidan tarihi ba. Suna tsayawa a cikin kankaren da kakanninsu suka zuba, a ba su labarin abin da ƙasarsu ta yi niyya da abin da ya katse ta. Cape Town ma ta mai da tsohon rumbun hatsinta na bakin teku gidan adana zane-zane a 2017, kuma ya yi kyau ƙwarai, amma na Tamale ɗan gida ne ya yi wa 'yan gida.

Mai karatu na Najeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya tuna Kakuri a Kaduna, inda masaƙar da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, da jerin masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano da suka koma sito ko kango. Filin gwaji yana nan jibge.

Kafin a sa hannu

Kada a ɗauka kowane tsohon gini ne ya cancanci ceto. Akwai wanda rodinsa ya ruɓe a cikin kankare, ido ba ya gani. Akwai mai rufin asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu idan aka farfasa shi da ganganci. Akwai wanda man inji da baƙin mai suka jiƙe ƙasarsa. Kuma ginin da aka yi don buhuna, lissafinsa daban da na ɗaruruwan mutane masu buƙatar ƙofofin fita idan gobara ta tashi. Mutanen Accra ba su manta da benen kantin Melcom na Achimota ba, wanda ya rufta a watan Nuwamba na 2012 ya kashe mutum 14, kuma ginin bai ma tsufa ba. Saboda haka injiniya ne mutum na farko da za a kira, kafin mai fenti.

Na biyu shi ne takarda. Yawancin gine-ginen da ke kulle ba rashin mai so ya kulle su ba. Ko dai magada ne suka kasa daidaitawa, ko banki ya riƙe, ko kuwa na gwamnati ne da aka sayar tun lokacin da aka kafa kwamitin cefanar da kamfanonin gwamnati a 1988, mai sayen ya zauna yana jiran fili ya ƙara daraja. Wanda ya zuba kuɗinsa a ginin da bai san mai shi na gaskiya ba, ya yi wa wani aiki.

Abin da ya shafi Nima da Maamobi

Nima tana zaune a kan ƙasa mai tsada. Kanda na gefenta, unguwar masu kuɗi ta kusa da filin jirgin sama na ɗaya gefen, fadar shugaban ƙasa ba nisa, ga Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a Kawukudi a 2021. A jawabinsa ga majalisa a watan Fabrairu na 2019, shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, wanda gidansa ke Nima, ya yi maganar sake fasalin unguwar baki ɗaya, tare da alkawarin ba za a raba mazauna da wurinsu ba. Ko wace gwamnati ce a kan mulki, wannan magana za ta sake dawowa, domin filin ba zai daina jan ido ba. Darasin titin Bromwell na nan kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Abin da Zango ya fi ƙarancinsa shi ne sarari mai rufi. Suna da ɗaurin aure da zaman makoki a titi ake yin su, a kafa rumfa a tare hanya. Makarantun allo da na Islamiyya suna cunkushe a zaure. Teloli da masu gyaran waya suna aiki a kwantena mai zafi kamar tanderu. To, duk ƙaramin gidan burodin da ya rufe, duk tsohon sito ko wurin injin niƙa mai faɗi da tsawon rufi, dama ce da ba za ta dawo ba idan aka sayar aka kafa bene. Da safe ya zama aji, da rana wurin koyon ɗinki, ranar Asabar da Lahadi zauren biki da ke biyan kuɗin wuta da gyara. Tanderun ma ba dole a fasa shi ba. Matan da ke gasa burodi a matsattsun lunguna, hayaƙi na shiga ɗakin maƙwabta, za su iya haɗa kai su raba shi.

Kuma muna da makamin da mutanen Chelsea ba su da shi, wato waƙafi. Ginin da aka tsayar waƙafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa, komai tashin farashin fili. Idan attajiran Zango da 'ya'yansa da ke Amurka da Jamus, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci, suka sayi irin wannan gini suka tsayar da shi da rubutacciyar yarjejeniya da amintattun da aka sani, sun toshe ƙofar da aka bi aka nemi korar mutanen Woodstock. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 shi ma wurin da za a ƙwanƙwasa ne, a nemi ya biya injiniya da gyaran rufi maimakon a jira sabon gini daga tushe. Sarakunan Zango da limamai su ne suka san wane gida ne ke kulle da kuma su wa ke rigima a kansa, don haka daga wurinsu lissafin zai fara.

Gidan burodi bai bar mana gini kaɗai ba. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da masu nuna bidiyo ke yawo da talabijin da janareta unguwa-unguwa, masu zane a Accra da Kumasi sukan ɗinke buhunan fulawa biyu su zana hoton fim a kai da fenti, a rataya a ƙofa don jan 'yan kallo. Wuraren nuna bidiyon nan suna cikin abubuwan da suka janye jama'a daga manyan silima irin su Rex da Orion da Dunia ta Nima. Yadda aka gina waɗannan silima, da hannun da suka faɗa bayan an kashe fitilar majigi, shi ne abin da babi na gaba zai duba.